Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da Likita Ta Ce Inna Tana da Kitse

Makon jiya na tsaya a inda muka tsinci Inna yashe a bakin murhu, muciya a gefe, baki ya karkace, hannun dama ya saki. Kwana biyu muka yi a gida ana tofi da hayaƙi, don duk wanda ya leƙo cewa yake iska ce ta shafe ta. Har yau in na tuna kwanakin nan biyu sai wani abu ya tokare mini ƙirji. Sai da Kawu ya dawo daga kasuwar Wudil ranar Juma'a ya gan ta, ya yi ta faɗa, sannan aka nemo mota zuwa Kano.

A asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Jininta ya haura 140 bisa 90 nesa ba kusa ba, hoton kai kuma ya nuna wata jijiyar jini ce ta toshe a ƙwaƙwalwa. Aka ce kada ta ci komai tun dare, da safe aka ɗebi jini. Da sakamako ya fito, likitar, wata mace mai sanyin magana, ta ce kitse ya yi wa Inna yawa a jini, an fi so ya tsaya ƙasa da 200, nata ya wuce.

Yaya bai san sanda dariya ta kuɓuce masa ba. Ya ce, "Likita, wannan baiwar Allah da take kamar sillen kara, ina ta ajiye kitse?"

Ta ce ai ba kitsen da ido ke gani ba ne. Kolestirol ake ce masa, kuma mafi yawansa hanta ce ke haɗa shi, shi ya sa ramamme ma yana iya tara shi. Akwai mai kyau, wanda ke kwashe datti ya mayar hanta, akwai marar kyau, wanda ke liƙewa a bangon jijiya kamar yadda laka ke cinye kwata har ruwa ya rasa hanya.

Sai ta juya ta ce, "Mama, yaushe al'ada ta ɗauke miki?" Yaya ya sunkuyar da kai ya sulale waje. Ni na amsa, na ce an doshi shekara 10.

Nan ta yi mini bayanin da ban taɓa ji ba duk da sakandaren da nake taƙama da ita. Muddin mace tana al'ada, akwai sinadarin da jikinta ke fitarwa mai danne marar kyan ya ɗaga mai kyan. In al'ada ta ɗauke, yawanci tsakanin shekara 45 zuwa 55, kariyar sai ta janye, marar kyan ya hau. Namiji kuwa tun yana matashi nasa ke hawa a hankali, don haka ciwon kan riga kama maza. Mace tana baya, amma in girma ya zo sai ta kamo shi, wani lokaci har ta wuce.

Baba ne ya faɗo mini a rai. Bai kai sittin ba ya faɗi a gona lokacin girbin dawa, aka ɗauko shi ba baki, kwana uku ya cika. Ba wanda ya taɓa auna masa komai.

Likitar ta ja kunnena cewa hawan jinin ne babban ɓarawo, kitsen ɗan rakiya ne, a rage gishiri da dunƙule da maiƙo, ga ƙwayar da za ta riƙa sha kullum da dare. Ta ƙara da cewa, "Ke ma 'yar'uwa, ki zo a auna ki." Na ce to, irin "to" ɗin da ba ta kai zuci ba.

Da muka dawo ƙauye rigima ta koma kan man shanu. Goggo ta ce kakanninmu da shi suka tsufa, wata 'yar boko ba za ta hana mara lafiya daɗin tuwo ba. Na ɓoye kwalbar a bayan rumbu. Da magariba na kai wa Inna tuwon dawa da miyar kuka, ta daɗe tana kallon kwanon, ta motsa baki da ƙyar. Maganarta ta farko ke nan tun ranar da ta faɗi: "Ina man?"

Mako mai zuwa zan ba ku labarin ranar da maganin ya ƙare, ga shi ba mu sayar da gyaɗa ba.