Na bi sawun jirgin da bai taɓa zuwa Damagaram ba

Wata yarinya ce a ajina ta ja mini wannan aiki. Muna cikin darasin zamanin Nasara ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, tunda Damagaram ce babban birnin Nijar kafin Yamai, me ya hana a kawo mana jirgin ƙasa?" Na yi abin da malami kan yi in an ƙure shi, na ce ta bari sai mako mai zuwa. Makon nan sai da ya kai wata huɗu.

Da fari ƙarfe na tafi nema, a zatona tarihin reluwe yana inda aka shimfiɗa dogo, mu kuwa a Damagaram ko taku ɗaya ba mu da shi. Na zauna ina haddace shekaru. Turawan Ingila sun soma layin Baro zuwa Kano a 1907, zamanin Gwamna Girouard, dogo ya isa Kano a 1911, a 1912 aka haɗe shi da reluwen gwamnatin Legas suka zama abu guda. Duk gaskiya ne, sai dai ban ga Damagaram a ciki ba.

Aka kwatanta mini wani dattijo a unguwar Zango. Na gaishe shi, na ce, "Baba, labarin jirgin ƙasa na zo nema." Ya ce, "Ɗana, ka yi ɓatan kai, Kano za ka." Har na soma laluben takalmina sai idona ya faɗa kan wani tsohon sirdin raƙumi a rataye a zauren, fatar ta yi baƙi ta tsattsage. Na tambayi mai shi. Ya ce na kakansa ne, madugu. Daga nan bai yi shiru ba sai da aka kira la'asar.

Ayari kan taso daga Tarabulus, ya biyo Gat da Agadas, ya sauke a Zango bayan watanni, da takarda da alharini da turare. In zai koma ya ɗauki jemammun fatu da gashin jimina da hauren giwa. Da dogo ya iso Kano, irin kayan nan suka riƙa fitowa daga bakin teku cikin 'yan kwanaki, kuma da araha. Wa zai jira raƙumi? Amma kada a ɗora wa jirgi laifin duka, don a 1911 ɗin ne Italiya ta faɗa wa Tarabulus, hanya ta rikice daga can ma. Ayarin gishirin Bilma ne ya tsira, shi da ba daga teku yake samo kayansa ba.

Abin takaici, wayata ta mutu tun ba mu yi nisa ba, ban kuwa lura ba. Da na koma ya sake faɗa mini, amma a gajarce, daɗin farko ya wuce. Tun ranar ba na zuwa wurin tsoho sai da littafi da biro, ba na kuma buɗe baki da kalmar da ke cikin takardata. Abin da ke rataye a zaurensa nake fara tambaya.

Shi ne kuma ya tura ni kan gyaɗa. Jirgin da ya kashe ayari shi ya sa manoman Magarya da Matamaye suka duƙufa nomanta, ana lodi a jakuna da raƙuma, daga baya a manyan motoci, zuwa Kano mai dalar gyaɗa. A 1930 dogo ya kai Nguru, mutanen gabas suka sami tasha kusa. Faransa ba ta so gyaɗar ƙasar da take mulka tana bin jirgin Ingila ba, shi ya sa a shekarun 1950 aka shirya kwasarta a mota zuwa Paraku, a ƙasar Benin ta yau, inda layin dogo daga Kwatano ya tsaya tun 1936. To amma daga Damagaram, Kano kilomita 240 ce ko kusa da haka, Yamai kaɗai wajen 900, balle Paraku.

A hutu na hau mota ta Matamaye da Daura da Kazaure na je Kano na ga tashar jirgin da idona. Na tsuguna da tef ɗin tela na auna tsakanin ƙarafan biyu, wani mai tallan rake yana kallona kamar wanda ya zautu. Mita ɗaya da santimita bakwai ba kaɗan. Na Paraku mita ɗaya ne cif, wato ko da layukan sun haɗu, taragon wannan ba zai hau wancan ba.

Na dawo aji na zana musu taswirar a allo, na ƙara da cewa a 1926 aka ɗauke babban birni aka kai Yamai. Yarinyar ta kwafe tsaf, sannan ta sake ɗaga hannu. "Mushe, shi wannan sabon layin da aka aza harsashinsa a 2021, daga Kano ina ya nufa?" Na ce Maraɗi. Ajin ya ɗauki surutu, da ƙyar na tsawatar.