Fitilar da Take Mutuwa Ƙarfe Ɗaya na Dare

Har yau idan na biyo layinmu da daddare sai na ɗaga kai na kalli turke na uku, wanda ke gindin darbejiyar gidan Alhaji. Fitilar da ke kansa yanzu lafiyarta ƙalau. Ta farkon ce ta tsaya mini a rai.

Ni na kawo maganar. Mu a layinmu, can cikin Ɗorayi, dama ba wata fitilar gwamnati ke haska mu ba. Ƙwan mai kemis ne, da na mai aski, sai injin masallaci. Da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, lita ta haura naira 500, janareto ya zama sai wane da wane. Ana idar da isha'i kowa ya kashe. Ga kwata a buɗe, ga damina, ga masu ƙwacen waya da suka addabi Kano a shekarar. Ranar da aka tare ɗan maƙwabcina a bakin kwalbati aka raba shi da wayarsa, washegari na tashi a masallaci na ce a yi karo-karo mu sa fitilun sola. Mai unguwa ya sa albarka, Liman ya yi addu'a, sai wani dattijo ya ce, "To ai kai ne ɗan boko, kai za ka riƙe kuɗin, kai za ka sayo." Tsuntsun da ya ja ruwa ke nan.

Tara kuɗin bai ba ni wahalar da na zata ba. Gida 34, kowa dubu goma, masu hali suka ƙara, wata Hajiya mai sayar da ƙanƙara ta biya wa gidajen zawarawa biyu. Mai walda ya yanka turaku, samari suka kwaɓa kankare kyauta.

A kasuwa na yi ɓarnar. Shago na farko ya nuna mini fitila mai farantin ɗaukar hasken rana daban, batir daban, kuɗinmu zai sayi huɗu. Shago na biyu ya zaro wata siririya daga kwali, komai a haɗe, an rangaɗa mata 300W da jan rubutu. Ya tafa saman farantin da tafin hannu, ta kawo wani farin haske da sai da na kare idona. Ya ce, "Yallaɓai, wannan har gari ya waye." Kuɗinmu zai sayi takwas, har da canji. Na tambayi wat, na tambayi garanti, na nemi ragi. Abu ɗaya ne ban tambaya ba: batirin da ke cikinta nawa ne. Ban ma san ana tambaya ba.

A watan Oktoba muka kafa su, ruwa ya ɗauke, rana tar. Daren farko yara har ƙwallo suka buga a tsakiyar layi, mai shayi ya dawo da teburinsa gindin turke na biyar, ni kuwa ina ta karɓar "Allah ya saka da alheri" kamar wanda ya gina asibiti. Kullum ƙarfe tara nakan zaga na ƙirga su, takwas cif, na shige gida na kwanta.

Baba mai gadin gidan Alhaji ne ya fara tare ni, bayan hunturu ya shigo. Ya ce, "Malam, fitilun nan naka fa da mu suke kwanciya." Na yi dariya, na ɗauka tsokana ce. Ya ce in fito ƙarfe ɗaya in gani. Na sa ƙararrawa a waya, na fito da bargo a kafaɗa. Biyu ne ke ɗan ƙyalli kamar aci-balbal, shida sun mutu murus. Ta gindin darbejiya kuwa, in ji Baba, tun sha ɗaya take sallama. Wato lokacin da 'yan sintiri ke bukatar haske, lokacin da tsofaffi ke lalube da sanda zuwa sallar asuba, layin yana nan yadda muka same shi. Mun haska lokacin hira ne kawai.

Wani yaro mai haɗa sola a bayan layinmu, wanda ban ko tuna da shi ba lokacin saye, shi ya hau tsani ya kwanto ɗaya. Ya warware noti shida, ya juyo mini cikinta. Fili ne kawai, sai wani ɗan batir da bai kai rabin ramin da aka yi masa ba, an manna shi da gam. Ya nuna mini rubutun jikinsa: 3.2V, 15Ah. Ya ce, "Yaya, ka ninka su." Na ninka, 48, wato wutar da za ta riƙe wat 48 na awa ɗaya. Ya ce abin da take iya ajiyewa ke nan ko da rana ta cika ta taf. Da gaske wat 300 take ja, da minti goma ba za ta yi ba. Abin da take ja bai fi goma ba, kuma ko a hakan awa biyar ta gagare ta in an bar ta a cikakken haske. Daren Disamba a Kano kuwa ya haura awa 12. Lissafin ɗan firamare, ni da nake koyar da lissafi a sakandare. Wannan ne ya fi ƙona mini rai.

Sauran abubuwan kuma suka taru suka ƙara. Hazo ya rufe rana, ƙura ta kwanta a kan farantan har kana iya rubuta sunanka da yatsa, babu wanda muka ɗora wa gogewa. Irin wadda komai ke haɗe ba ka da ikon juya farantinta. Inda kan fitila ya kalla nan ya kalla. Alhali a nan wajenmu so ake ya ɗan karkata ya fuskanci kudu, musamman da hunturu da rana ke bi ta can. Turke na uku kuma ni da kaina na ce a kafa shi kusa da bishiyar don nan ne duhu ya fi yawa. Ban yi tunanin inuwar da ta sa wurin duhu da dare ita za ta hana shi rana da tsaka ba.

Na koma shagon da rasit. Mutumin ya ce garantinsa na wadda ba ta kamawa ne, tawa kuwa tana kamawa. Muka yi ta ja-in-ja har maƙwabtansa suka ba ni haƙuri.

Tsayawa gaban jama'a in ce a sake kawo kuɗi, shi ne abin da ya fi komai nauyi. Babu wanda ya ce na ci, amma wani ya ce, "Araha dai ba ta ado," kuma da ni yake. Ga shi an shiga 2024, dala ta haura naira 1,500 a Fabrairu, fitilar nan mai faranti daban da na raina ta kusa ninka kuɗinta. Da huɗun nan na saya tun farko, da an wuce wurin. Na zuba rabin albashina na wata, ban gaya wa ko uwargida ba sai daga baya.

Yaron ne ya fitar da mu. Ya ƙara wa biyar batir, ya saita su da rimot su rage haske su ƙaro sai in mutum ya gifta, muka sayi manya biyu muka sa a bakin layi da kwanar kwalbati. Turke na uku muka tono shi muka matsar da shi taku goma daga bishiyar, Alhaji ya yarda aka sassabe reshe ɗaya bayan doguwar magiya. Ragowar ukun suna nan a ɗakina, sun zama kayan gyara. Muka sa naira 200 a kan kowane gida duk wata, ana ba samari biyu suna hawa da tsumma da ruwa kowace Asabar.

'Yan layin gaba sun zo neman shawara, suna so su yi nasu kafin azumi, saboda mata masu fita tahajjud. Na ce kada su karanta kwali. Su sa a buɗe cikinta a gabansu, su ɗaga su ji nauyi, su dubi faɗin farantin. Su sayi guda ɗaya tak, su ɗaure ta a kan katanga kwana uku, wani ya tashi ƙarfe huɗu na asuba ya leƙa. Kuma su tafi da mai haɗa sola, ba ɗan boko ba.

Daren 21 ga azumin bana na fito wajen ƙarfe biyu zan tafi masallaci, bakwai ɗin duk suna ci. Baba mai gadi yana zaune kan bencinsa, ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya dubo ni ya ce, "Malam, a dai bari damina ta zo mu gani."