Kunkurun da ya hana VM ɗina gudu

Daren farko. 'Yan'uwa masu koyo, na ce bari in ɗanɗana Linux ba tare da na taɓa Windows ɗina ba. Na sauke manhajar VirtualBox, na haɗa sabuwar VM, wato kwamfuta a cikin kwamfuta, na ɗora mata Ubuntu 24.04. Laftof ɗin nawa RAM ɗinta giga 8 ne, firosesarta mai kawuna 4. Da ta tashi sai murna ta koma ciki. In na danna abu, sai na ƙirga har goma kafin ta motsa. Ko linzamin kansa jan ƙafa yake yi.

Sai na yi abin da ya fara zuwa mini a rai: na ƙara mata abinci. Na ba ta giga 6, na miƙa mata kawunan nan huɗu gaba ɗaya. Garin neman gira na kusa rasa ido, don Windows ɗin ma sai ta sanƙare. Ashe VM baƙuwa ce, Windows ce mai gida, kuma duk abin da baƙuwa za ta ci ta hannun mai gida yake bi. In ka bar mai gida da giga 2, dole ta riƙa jibge abin da ya yi mata yawa a kan faifai, shi kuwa faifai bai kama ƙafar RAM a sauri ba. Na mayar da ita giga 4 da kawuna 2.

Dare na biyu. An ɗan samu sauƙi, amma ba a rabu da Bukar ba. Na duba Task Manager na Windows, ya nuna Virtualization a kunne yake, wato VT-x, fasahar firosesar Intel da VM ke dogaro da ita. Ku fara duba wannan tukuna. Masu firosesar AMD su nemi takwararta SVM a cikin BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi. Ina cikin zuru sai idona ya kai ƙasan tagar VM ɗin, wajen 'yan alamomin nan na hannun dama. Ga wani ɗan kunkuru kore yana zaune. Wallahi da na ɗauka ado ne.

Ba ado ba ne. A wurin nan alamar V ya kamata a gani. Kunkurun yana faɗa maka cewa Hyper-V, wato tsarin tafiyar da VM na Windows, ya riga ya riƙe VT-x, don haka VirtualBox ba ta magana da firosesa kai-tsaye, sai ta bi ta hannunsa. Abin haushin shi ne ni ban taɓa kunna Hyper-V da sunansa ba. WSL2, mai tafiyar da Linux a cikin Windows, da na saka watannin baya shi ya tayar da shi, kuma tsaron nan na Memory integrity ma a kansa yake tsaye. Na buɗe Command Prompt da ikon admin na rubuta:

bcdedit /set hypervisorlaunchtype off

Na kashe Memory integrity, na sake kunna kwamfutar. Kunkuru ya tafi, V ta fito, VM ta kama gudu kamar ba ita ba. Sai dai akwai farashi: WSL2 ba zai tashi ba sai ka mayar da off ɗin nan zuwa auto, kuma ka rage wa Windows wata garkuwa. Ni dai na wasa ce tawa, na yarda. In kwamfutar wurin aiki ce, kada ka taɓa sai da izini.

Dare na uku. Saura ƙananan gyare-gyare. Na saka Guest Additions, wato ƙarin manhajar VirtualBox da ake sakawa a cikin VM, allo ya cika taga, linzami ya daina tsalle. Na kai ma'ajiyar bidiyo mega 128. Wani abu kuma da na lura da shi a htop, manhajar da ke nuna abin da ke gudana a Linux: sabuwar Ubuntu tana sauke sabuntawa a ɓoye ta hanyar unattended-upgrades, shi ya sa mintunan farko suke da nauyi ko da komai lafiya. Ku bar ta ta gama kafin ku yanke mata hukunci.

Fayil ɗin VDI, wato faifan VM ɗin, har yanzu yana kan tsohon faifai mai juyawa, kuma ina jin ƙugin sa duk lokacin da na buɗe Firefox. Gobe zan mayar da shi kan SSD, faifai mai sauri marar juyawa, in auna daƙiƙun tashinta kafin da bayan ƙaurar.