Kafin a ce an gano aikin furotin

Ɗalibanmu da ke ɗakunan gwaji a Akoka da Idi-Araba a Legas, ga abin da ke yawan faruwa: a zuba sinadarin da ke toshe wani furotin kan ƙwayoyin halitta, su daina girma, sai a ce an gano aikin furotin. Da sauran rina a kaba.

Ku ɗauki sinadarin JQ1, mai toshe furotin BRD4 da danginsa da ake kira BET. Tagwaye ne: (+)-JQ1 ke aiki, (−)-JQ1 ba ya kama furotin ɗin. A gwada su tare. In duka biyun suka kashe ƙwayoyin, guba ce kawai, ba ruwan BRD4. Kada yawan sinadarin a cikin ruwan gwaji ya haura maikromola 1; a 10, sinadari kan manne wa furotin da ba shi ake nema ba. In da hali, a maimaita da I-BET151, wani sinadarin mai toshe BET, tunda ƙirarsa daban ce.

Ajiya kuwa, a Legas sai an dage. DMSO, ruwan da ake narkar da sinadarin a ciki, na zuƙar danshi, ga ɗauke wuta mai narkar da firiza, har sinadarin ya kwanta a gindin bututu ba a sani ba. A raba haɗin milimola 10 kashi-kashi, maikrolita 20 kowanne, a ajiye a sanyin −20°C. A kan ƙwayoyin, DMSO kada ya wuce kashi 0.1 cikin 100.