Lahadi, 13 ga Afrilu, 2025: yadi 86 a rami na 13

Bayan sallar Asuba ta Litinin nake wannan rubutu, ido bai ga barci ba sai ɗan gyangyaɗi, amma ina so in ajiye ranar jiya tun ba ta dushe a kaina ba.

Da hantsi na je na ɗauko Kawu. Yanar ido ta ci ƙarfinsa, talabijin ba ya ganin komai a cikinta sai kore da fari, to amma ranar ƙarshe ta gasar golf ta Masters ba ranar da zan kalla ni kaɗai ba ce. Shi ya fara kai ni filin golf a nan Kaduna ina ɗan shekara 13, ya rataya mini jakar da ta kusa kai tsayina, ya ce in yi shiru in bi bayansa. Shekara tara na yi ina aikin kedi, wato mai ɗaukar wa ɗan wasa jakar sanduna, kafin Allah ya buɗa mini wata hanyar. Shi kuwa a kan wannan sana'a ya tsufa.

Zafi jiya ba a magana. An ɗauke wuta tun azahar, na sayo mai na zuba wa janareta tun da rana don kada a yi mana yankan ƙauna. Kawu yana ƙarasa Sitta Shawwal, uwargida ta dama masa kunun tsamiya, ta yanka mangwaro. Ya sha ruwa, muka yi Magariba, na jawo masa kujera kusa da tawa. Ya ce, “Kai ne idona yau. Duk bugun da za a yi ka faɗa mini nisa da inda tuta take, sauran ka bar mini.”

Tsakaninmu da Augusta ta jihar Jojiya a Amurka, inda ake gasar, awa biyar ne, don haka sai bakwai da rabi na dare 'yan biyun ƙarshe suka fito: Rory McIlroy na Arewacin Ireland, da Bryson DeChambeau ɗan Amurka. Rory yana gaba da bugu biyu, don a golf mai ƙarancin bugu shi ke gaba. Kowa ya san nauyin da ke wuyansa. Ya ci US Open a 2011, PGA a 2012, ya haɗa Open da PGA a 2014, daga nan shiru shekara goma sha ɗaya. Masters kaɗai ta rage masa ya shiga sahun mutum biyar da suka taɓa haɗa manyan gasa huɗun nan: Gene Sarazen, Ben Hogan, Gary Player, Jack Nicklaus da Tiger Woods. Kuma a wannan filin ne a 2011 ya shiga ranar ƙarshe da ratar bugu huɗu, ya tashi da bugu 80, gasar ta kuɓuce masa.

Rami na farko kawai, ya jefa ƙwallo cikin yashi, ya zo kan girin, wato lallausan filin da ke kewaye da rami, ya yi fota (ɗan bugun mirgina ƙwallo cikin rami) sau uku. Dabul bogi, wato bugu biyu sama da ƙa'idar ramin. Ratar ta tafi tun mutane ba su gama zama ba. Muka tashi muka yi Isha'i, muna dawowa na tarar Bryson ya wuce gaba a rami na biyu. Kawu bai ce uffan ba. Sai a na uku da na huɗu abin ya juye, Rory ya ci badi (bugu ɗaya ƙasa da ƙa'ida) biyu a jere, Bryson ya yi bogi (bugu ɗaya sama da ƙa'ida) biyu. Rory ya ƙara badi a na tara da na goma. Ratar bugu huɗu kuma, kamar dai waccan shekarar.

A nan ne Kawu ya sa ni in sake kwatanta masa filin, duk da ya sha ji. Abin da talabijin ke ɓoyewa shi ne tudu da gangare. Rami na goma kaɗai, daga inda ake tashi zuwa girin gangaren ya haura ƙafa 100. Da wuya mutum ya samu inda zai tsaya ƙafafunsa biyu daidai. Asalin wurin gonar renon itatuwa da furanni ce, shi ya sa kowane rami yake da sunan tsiro. Bobby Jones da Clifford Roberts suka kafa kulob ɗin, Alister MacKenzie ya zana filin tare da Jones, aka fara gasar a 1934. Ba su cika shi da dogon ciyawa ba, hanya a buɗe take, kowa na ganin kamar da sauƙi. Tarkon yana kan girin.

Mu da muka tashi a kan burawun mun san bambancin a tafin hannu. Burawun yashi ne da aka cuɗa da baƙin mai, kafin maigida ya yi fota sai yaro ya ja masa hanya ta yi sumul. Inda ƙwallo ta faɗo, nan take zama. Ka buga kai tsaye, ka buga da ƙarfi, ta shiga. Girin ɗin Augusta kuwa ciyawa ce da aka aske ƙwal, ƙarƙashinta akwai bututu da injin da ke zuƙe damshi, samanta kuma duk ƙusumbi ne da kwari. Ka sauke ƙwallo taku biyu daga inda ya kamata, kana tsaye kana kallo za ta gangara ta bar girin ɗin gaba ɗaya. Ran Alhamis haka ta faru da Rory a rami na 15: ɗan taɓi ya yi daga bayan girin, ƙwallon ta wuce tuta, ta ci gaba da tafiya har cikin ruwa.

Sai aka shiga kusurwar da suke kira Amen, wato na 11, 12 da 13. Kawu ya fi son wannan suna, ya ce ko ba a fassara ba kowa ya gane wurin addu'a ne. A na 11 ƙwallon Rory ta gangaro ta tsaya dab da bakin tafki, ya tsira da bogi. Ta Bryson ta shiga, daga nan labarinsa ya ƙare.

Na 12 shi ne wanda nake tsoro tun safe. Yadi 155 ne kacal, mafi gajarta a filin. Rafin Rae ya ratsa ta gabansa, girin ɗin siriri ne a karkace kamar sawun takalmi, yashi ɗaya a gaba, biyu a baya, iska kuma tana shigowa cikin itatuwa ta yi ta juyi, tutar 11 na nuna gabas ta 12 na nuna yamma. Ranar Lahadi a dama suke kafa tutar, inda ruwa ya fi kusa. Nan Tom Weiskopf ya yi bugu 13 a 1980. Nan Jordan Spieth ya jefa biyu a ruwa a 2016, ya yi bakwai, ya miƙa wa Danny Willett koren kwat ɗin da ake sa wa wanda ya ci gasar. A 2019 Molinari da Koepka da Finau da Poulter duk suka faɗa, Tiger ya ƙi kallon tuta ya auna tsakiya, ya ci gasar. Shi kansa Tiger ɗin da shekara ta zagayo bugu goma ya yi a wurin. Da Rory ya sauke tasa a busasshen wuri ya fita da uku, na sauke numfashi na ce, “Kawu, an haye.”

Ya ce, “Wa ya gaya maka?”

Rami na 13 ƙa'idarsa bugu biyar, yadi 545 tun da suka ƙara masa tsawo a 2023. Yana lanƙwasa hagu, ƙaramin rafi na bin gefensa har ya zo ya gitta ta gaban girin. Gwanaye kan yi ƙoƙarin hayewa da bugu na biyu, ƙwallo tana sama da ƙafafunsu saboda karkatar ƙasa. Rory bai yi wannan kasadar ba. Ya yi abin da kowane kedi mai hankali zai ce a yi: ya ajiye ta kafin ruwa, ya bar wa kansa yadi 86. Na faɗa wa Kawu nisan, na ce tuta tana dama kusa da rafi, hagu kuwa fili ne fetal, har da gangaren da zai kawo masa ƙwallo wajen rami. Kawu ya gyaɗa kai. Bugu ne da ni ma na sha yi da aron sanda da yamma in masu gida sun tashi.

Rory ya buga, ta tafi dama. Ta bugi gaɓa ta koma cikin rafi.

Na miƙe tsaye ban sani ba. Uwargida ta leƙo daga ɗaki tana tambaya ko lafiya. Kawu ya tafa hannu ya yi salati, sannan ya ce, “Hannu ne ya ji tsoro. Da nisa ne da ya sake jiki ya buga. Ƙaramin bugu shi ke ba zuciya lokacin yin magana.” Na daɗe ina juya wannan. Mutumin da ke aika ƙwallo sama da yadi 300 ba tare da ya yi nishi ba, ga shi yadi 86 sun kayar da shi, a daidai lokacin da ya zaɓi hanyar lafiya. Na tuna wani maigida da na yi wa ɗauka shekara uku. Duk sanda ya rage masa ɗan bugu a gaban ruwa, sai in ga yatsunsa sun yi fari a kan sanda, tun kafin ya ɗaga na san inda za ta. Ban taɓa samun kalmar da zan faɗa masa ba.

Dabul bogin Rory na biyu ke nan a ranar, na huɗu a makon. Ya ƙara bogi a na 14. Can gaba kuwa Justin Rose, ɗan Ingila mai shekara 44, yana ta zuba badi kamar ruwan Agusta, har ya karɓi gaba.

Abin da ya biyo baya a na 15 shi ne ya hana ni barci. Ƙwallon Rory ta tsaya hagu, dogayen itatuwa sun tare masa hanya, ruwa a gaban girin, ruwa a bayansa, nisa ya haura yadi 200. Ya zaro sandar ƙarfe mai lamba bakwai, ya tura ƙwallon can dama, ta lanƙwaso a sama kamar lauje, ta sauka ta mirgino ta tsaya kamar ƙafa shida daga rami. Bugun da ya fi na 13 wuya sau goma. Da na kwatanta wa Kawu sai ya yi dariya har da tari, ya ce, “Ka ji ko? Nan babu lokacin tunani.” Fotar ba ta shiga ba, amma ya samu badi. A na 17 ya sake kai ta gindin tuta, ya koma gaba da ɗaya. Rose ya riga ya gama da 66, badi goma a rana ɗaya, yana jira da 11 ƙasa da ƙa'ida.

Na 18, bugu huɗu kawai Rory yake nema ya ci gasar. Ya raba hanya biyu da bugun farko, saura yadi 125. Ƙaramin bugu kuma. Ta faɗa yashi a dama. Ya fito da ita ƙafa biyar, ya yi fota, ta goga ta wuce. Sha biyu ta kusa, janareta na ta kuka a tsakar gida, ni kuwa na rasa inda zan sa kaina.

Idona a kan kedinsa yake a lokacin, Harry Diamond, abokinsa tun suna yara. An sha zagin mutumin nan, ana cewa Rory ya nemi ƙwararre ya bar abota. Yana cikin farar rigar nan ta kedin Augusta mai haɗe da wando. Rigar tana da tarihi da ya shafe mu: har zuwa 1982 ba a yarda ɗan wasa ya zo da nasa kedin ba, sai na kulob, kuma dukkansu baƙaƙen fata ne, a filin da baƙar fata bai buga gasar ba sai Lee Elder a 1975. Carl Jackson yana ɗan shekara 14 ya fara ɗaukar jaka a Masters a 1961, shi ya raka Ben Crenshaw ya ci a 1984 da 1995. Kawu ya san sunansa kamar ɗan unguwarsu. Yana kuma alfahari da cewa Sandy Lyle da Vijay Singh duk sai da suka ci gasar Nigerian Open kafin su sa koren kwat, Lyle a 1978, Singh a 1988 da 1989.

Rory da Rose sun yi kunnen doki, aka koma na 18 don raba gardama. Rose ya kai tasa kamar ƙafa 15. Rory kuma ya sake samun kansa a kusan nisan da ya kayar da shi ɗazu. Na faɗa wa Kawu, murya na rawa. Wannan karon ta sauka bayan tuta, gangaren da ya wahalar da shi duk mako ya jawo masa ita baya, ta tsaya ƙafa huɗu. Rose ya kuskure. Rory ya saka. Ya jefar da sanda, ya durƙusa ya kifa goshi a ciyawa, kafaɗunsa na girgiza. Karo na 17 ke nan da yake buga wannan gasa. Rose ya ba ni tausayi ƙwarai, don a 2017 ma a irin wannan raba gardamar Sergio Garcia ya kayar da shi, amma ya zo ya rungume Rory kamar ɗan'uwa.

Kawu ya ƙi kwanciya sai da Scottie Scheffler, wanda ya ci gasar a 2024, ya sa wa Rory kwat. Na shimfiɗa masa a falo, na kashe janareta.

Da muka dawo daga masallaci na duba waya, na ga abin da Rory ya gaya wa 'yan jarida. Ya ce suna kan hanyar komawa na 18, Harry ya ce masa, abokina, ai da ran Litinin da safe aka yi mana tayin wannan matsayi, da hannu biyu za mu karɓa. Na karanta wa Kawu, ya sa na maimaita. Ya yi shiru yana jan carbi, can ya ce, “Wannan yaron kedi ne.” Sannan ya ce ran Asabar in kai shi fili, yana so ya taka burawun na tara da ƙafarsa. Na ce to, Kawu, in Allah ya kai mu. Yanzu bakwai saura, sai in watsa ruwa in kama hanyar aiki.