Yaron da Ya San Karatu Amma Bai San Ta Inda Zai Fara Ba

A shekarata ta uku da fara koyarwa aka ba ni aji ɗaya na ƙaramar sakandare, kuma a cikin ɗalibai fiye da 60 da ke ajin akwai wani yaro da na daɗe ina yi wa kallon malalaci. Idan na yi tambaya da baki shi ne kan fara ɗaga hannu, kuma da wuya ya kuskure amsa, amma bai taɓa kawo aikin gida cikakke ba: yau ya manta littafin, gobe ya yi shafin da ba shi aka ce ba, jibi ya fara ya tsaya a tsakiya. Na yi masa faɗa, na sa shi tsallen kwaɗo, na aika a kira mahaifinsa, duk a banza. Sai wata rana da na ba su insha'i na zauna kusa da shi, na ga ya shafe minti 15 yana jujjuya biro bai rubuta ko kalma ɗaya ba. Da na tambaye shi dalili, ya ce, "Malam, na san abin da zan faɗa, ta inda zan fara ne ban sani ba."

Abin da yaron nan ya rasa yana da suna a wurin masana halayyar ɗan Adam, kuma ni na fi son in kira shi ƙwarewar tafiyar da kai. Masana irin su Adele Diamond ta Jami'ar British Columbia a Kanada sun kasa ta gida uku: iya riƙe bayani a zuci yayin da ake aiki da shi, iya danne zuciya daga abin da ke fizgar hankali, da iya sauya dabara idan ta farko ta ƙi ci. Daga waɗannan ukun ne tsara aiki da kiyaye lokaci suke tsirowa. Sashen ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi shi ne ya fi ɗaukar nauyin wannan aiki, kuma ba ya gama nuna sai mutum ya kai wajen shekara 25. Wato ɗan shekara 12 da muke sa ran ya tuna darussa tara ko goma, kowanne da malaminsa da littafinsa da ranar miƙa aikinsa, muna ɗora masa kayan da wuyansa bai gama ƙwarin ɗauka ba.

Akwai wani gwaji da ya shahara, wanda Walter Mischel ya fara a Jami'ar Stanford ta Amurka a ƙarshen shekarun 1960. Ana ajiye wa ƙaramin yaro alewa ɗaya, a ce masa idan ya jira har mai gwajin ya dawo za a ƙara masa ta biyu. An daɗe ana ɗaukar cewa haƙurin da yaro ya nuna a wannan ɗaki hali ne da aka haife shi da shi, kuma shi ke nuna yadda zai kasance a gaba. Amma da aka sake bin lamarin a 2018 da yara kusan 900, sai aka ga alaƙar ta ragu ƙwarai idan aka yi la'akari da halin gidan da yaro ya fito. Wanda ya fi burge ni shi ne gwajin da Bettina Lamm da abokan aikinta suka yi da 'yan shekara 4 na ƙabilar Nso a arewa maso yammacin Kamaru, inda kusan kashi 70 cikin 100 suka jira minti 10 cur, alhali a cikin takwarorinsu na Jamus ba su kai kashi 30 ba. Ba wata ƙwaƙwalwa ta daban aka halitta wa yaran Nso ba. Tarbiyya ce da sabo. Abin da sabo ya gina kuwa, malami yana iya ginawa.

Sai na daina ce wa ɗalibai "ku mai da hankali", domin umarni ne da ba ya gaya wa yaro abin da zai yi da hannunsa. Na fara rubuta matakan kowane aiki a gefen allo, ba sa wuce uku ko huɗu, saboda abin da mutum ke iya riƙewa a zuci lokaci guda bai fi haka ba, kuma dogon umarni yakan zube tun kafin yaro ya buɗe littafi. Na sa kowa ya ware shafin ƙarshe na littafinsa don rubuta aikin gida da ranar miƙa shi, muka kuma mai da minti 5 na ƙarshen darasi lokacin cike wannan shafi. Kafin su fara aiki nakan ce kowa ya rubuta mintin da yake zaton aikin zai ci, in sun gama su duba agogon bango su kwatanta. A makonnin farko kusan kowa yakan faɗi rabin lokacin da ya ci, kuma dariyar da suke yi wa kansu ta fi duk wa'azin da zan yi musu a kan lokaci tasiri.

Daga baya na lura cewa ba wani baƙon abu na kawo ba. A makarantar allo malam ba ya miƙa wa almajiri izu guda ya ce ya je ya haddace. Yana biya masa 'yan ayoyi gwargwadon ƙarfinsa, yaro ya yi ta maimaitawa har ya iya, ya kawo a saurara, sannan a ba shi izinin wanke allo a yi masa ƙari, kuma tilawar baya ba ta tsayawa. Aikin a gutsure yake, ƙarshen kowane mataki a bayyane yake, kuma yaro ya san abin da zai yi gobe da asuba. Da girma ya zo, shi da kansa yake rubuta allonsa. Wannan janye hannu a hankali shi ne ɓangaren da mu malaman boko muka fi yin sakaci da shi: ko dai mu bar yaro da kansa tun ranar farko, ko mu riƙe masa komai har ya iso jarrabawar WAEC bai taɓa tsara wa kansa jadawalin bita ba.

Ba na ganin amfanin ware wa wannan ƙwarewa darasi na musamman a jadawali, haka kuma manhajojin waya da ake tallatawa da sunan horar da ƙwaƙwalwa sun fi koya wa yaro iya wasan da ke cikinsu fiye da iya lissafi. A cikin darasin lissafin da na Hausan ake koyon ta. Kuma dole in faɗi cewa yaron da ya zo aji da yunwa, ko wanda ya kwana yana talla bai yi isasshen barci ba, jerin matakai a kan allo ba zai wadatar da shi ba.

Shi kuwa yaron nan, abin da muka yi yarjejeniya a kai ɗan kaɗan ne: kafin ya fara kowane insha'i zai rubuta kalmomi uku a gefen takarda, na farko da na tsakiya da na ƙarshe. A zango na biyu ina tsayawa a kansa sai ya rubuta su. A zango na uku, ranar jarrabawa, na wuce ta gefen bencinsa na ga kalmomin uku a saman takardar amsarsa, ya riga ya soke biyu.