Ulu, ruwan ɗumi da sabulu

Asabar, da dare.

Tafin hannuna duk ya yi yaushi kamar na wadda ta yini tana wanki, amma ga ƙyallen da na haɗa da ulu can a kan igiya yana ɗiga. Ba saƙa, ba ɗinki, ba zare ko sili ɗaya.

Jakar littattafai nake son yi. Da safe na shimfiɗa ledar nan mai ƙurajen iska a kan tebur, na riƙa figo ulun merino (wata irin tunkiya mai laushin gashi) siriri-siriri ina jerawa, kowane figi ya ɗan hau bayan ɗan'uwansa. Shimfiɗa ta farko a tsaye, ta biyu a gicciye, har huɗu, don idan gashin duk ya kwanta ta fuska guda, ta gefe ɗaya ƙyallen zai tsuke. Tulin ya tashi luhu-luhu. Ina rufe shi da raga na yayyafa ruwan sabulu, sai ya lafe kamar ba shi ba.

A nan gaggawa ta ci ni. Shafawa ake fara yi a hankali, kamar mai lallashin jariri, ni kuwa na hau murza da ƙarfi. Wata kusurwa ta zame, ta bar ramin da yatsa biyu za su shige. Na toshe da sabon ulu tun bai kama ba. Ya karɓa, sai dai wurin ya fi sauran kauri, idona kuma can yake komawa.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashin hannu shi ya fi burge ni. Kowane silin gashin tunkiya yana da ƙananan ɓawo kamar na kifi. Ɗumi da sabulu su ɗaga su, murza ta sa su sarƙe, kuma in sun sarƙe ba warwarewa. Auduga ba ta da wannan ɓawon. Sai yau na gane abin da ya tsuke min rigar sanyi bara, da na wanke ta da ruwan zafi.

Na naɗe shi a tabarmar gora na yi ta mirginawa, in kwance, in juya, in sake. Makiyayan Mongoliya da ke rufe tantunansu da irin wannan, doki suke ɗaura wa naɗin ya ja. Da na ga dokin da na yi murna. Sai da na mintsini ƙyallen ya ɗago gaba ɗaya, ba gashi-gashi ba, sannan na dunƙule shi na shiga maka shi a kan tebur. Ƙanwata ta leƙo.

"Yaya, me ya yi miki haka?"

Na ɗauraye da ɗan ruwan khal don sabulun ya fita, na ɗauko tef. Santimita 60 na shimfiɗa, 42 na samu. Na san yana tsukewa, ban bar masa isasshen wuri ba. Manyan littattafan dai ba za su shiga ba. Gobe in ya bushe zan gwada ƙaramin kundina.